Sa hita a tankin ruwan wanke tagogi kafin hunturu ya kankama

Sani, Leeds:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Sanyi ya fara shigowa, ina so in sa hita ta lantarki a tankin da ke bayan motar aiki, ta ɗumama ruwan da dare kafin a fita da safe. Tankin na roba ne, lita 500, mai shinge a ciki da ke rage jijjigar ruwa a tafiya, ruwan kuma tatacce ne, mitar auna ma'adinan ruwa tana nuna 000. Motar tana kwana a ƙofar gareji. Wace hita zan saya, a ina zan huda tankin, kuma soket ɗin gida zai ɗauka? Don Allah waɗanda suka san aikin su taimaka.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Kafin ka sayi komai fara da lissafi, shi zai gaya maka girman hitar. Lita ɗaya ta ruwa tana cin wat 1.16 na awa ɗaya kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Ka ce ruwanka yana digiri 6 da yamma, kana son 36 da safe, ƙarin digiri 30 ke nan. Lita 500 sau 30 sau 1.16 ya ba ka kusan yunit 17 da rabi na wuta.

Hitar da aka rubuta wa kilowat 3 yawanci a kan bolt 240 aka auna ta. A kan 230 abin da take bayarwa bai wuce 2.75 ba, don haka za ta ɗauki awa shida da ɗoriya. Mai kilowat 2 kuma awa tara zuwa tara da rabi. Wannan duk idan zafi ba ya gudu ne. Tankin da ba a lulluɓe ba, a cikin motar ƙarfe a daren Janairu, ka ƙara masa awa ɗaya ko fiye.

Kuɗin kuma mai sauƙin fitarwa ne: duba farashin yunit a takardar wutarka ka ninka da 17 ko 18. Idan kana kan tsarin biyan wuta na Economy 7, awa bakwai na dare masu rahusa sun isa mai kilowat 3, amma ba su isa mai 2 ba a cikakken tanki.

Sani, Leeds:
Na gode Injiniya. Ashe mai kilowat 3 ce daidai da ni. Sai in sa mata filogi in jona a soket ɗin gareji?

Injiniya Bala:
A'a, nan ne inda ake ƙona gida. Mai kilowat 3 tana jan am 12 zuwa 12 da rabi, filogin gida kuma iyakarsa 13. Butar lantarki ma haka take ja, amma ita minti uku take yi ta mutu. Hita awa shida za ta yi ba hutu. Fis ɗin da ke cikin filogi yana yin zafi, ƙarfen da ke riƙe shi ya saki, sakin ya ƙara zafi, a hankali robar da ke gefen ƙafar wuta ta yi baƙi ta narke. Fis ɗin ba zai tsinke ba, domin ba a wuce am ɗinsa ba, shi ya sa ba ka da wata alama sai wari.

Mai kilowat 3 tana bukatar layinta ita kaɗai daga akwatin wuta: bireka mai am 16, RCD (na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurarewa) mai miliam 30, da shuɗin soket mai am 16 irin wanda ake jona karaban, wato ɗakin kwana da mota ke ja, da shi. Jan sabon layi kuma a Ingila da Wales aiki ne da ke ƙarƙashin Part P na dokokin gini, ka ba mai wayarin da ke da rajista ya yi ya ba ka takarda. Ka gaya masa a fili cewa mota ce ta ƙarfe za a jona a waje, domin ya duba irin at ɗin gidanka, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa. Akwai irin da ake kira PME, wanda doka ta hana a jona karaban da shi, kuma mai wayarin ne zai yanke abin da ya dace da motarka.

Malam Habu, Birmingham:
Duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake, amma ni shawarata ga mai lita 500 ita ce mai kilowat 2. Tana jan ƙasa da am 9, soket mai kyau yana ɗaukar wannan duk dare. Ka kunna da ƙarfe tara na dare, shida na safe ruwa ya yi. Ka huta da kuɗin jan layi. Sharaɗi kawai soket ɗin ya kasance yana bayan RCD, ba tsoho mai sako-sako ba, kuma kar a haɗa shi da injin wanki ko firiza a kan reshe ɗaya. A daren farko, bayan awa ɗaya ka je ka taɓa filogin. Ɗumi kaɗan ba komai. Idan ba ka iya barin hannunka a kai, kashe.

Injiniya Bala:
Ban musa ba Malam Habu. Ga wanda yake gidan haya ma ita ce kaɗai mafita, tunda mai gida ba lallai ya yarda a taɓa akwatin wutarsa ba. Mai lita 650 zuwa sama ne dare ba zai ishe shi ba.

Usman, Glasgow:
Ku yi maganar wayar da ke tsakanin bango da mota. Idan ta naɗi ce a warware ta gaba ɗaya, ko da mita biyar kake bukata. Wayar da ke naɗe ba ta samun iska, zafin yana taruwa a tsakiya har roba ta manne. Duba jikin abin naɗin, za ka ga lamba biyu, ta naɗe da ta warware, kuma ta naɗen ba ta kai rabin ɗayar ba. Ga mai kilowat 3 a sa waya mai kaurin milimita 2.5, ta baƙar roba H07RN-F, ba ta ƙagewa da sanyi kuma ruwa bai dame ta ba. Farar wayar cikin gida tana taurin da har tsagewa take yi a ƙanƙara. Kar a bi da ita ta bakin ƙofa a rufe a kanta. A sa soket na shiga a jikin mota, ko a bi da ita ta ramin da aka sa wa roba a baki.

Taima kuma, waɗannan ƙananan na filogi ba su da ƙarfin wannan aikin. A sayi wadda aka yi don hitar gida, mai am 16.

Ɗanladi, Manchester:
Tambaya. Me zai hana a jefa hitar bokiti irin tamu ta gida, wadda ake ɗumama ruwan wanka da ita lokacin hunturu? Ba huda tanki, ba komai.

Malam Habu, Birmingham:
Ɗanladi kar ka fara. Ba ta da tamostat mai daidaita zafi, ba ta da abin da zai kashe ta, yawancinsu ba su da at. A bokiti mutum yana tsaye a kanta minti goma. A tanki kana barci. Idan ta jingina da bangon roba za ta huda shi, ruwa ya zube, ita kuma ta ci gaba da ci a busasshe a cikin mota mai tankin dizal.

Injiniya Bala:
Mu koma kan wadda za a saya. Abin da mutane ke mantawa shi ne ruwanmu ba ruwan famfo ba ne. An cire masa duk ma'adinan da ke ciki, don haka yana da yunwar ƙarfe, zafi kuma yana ƙara masa. Hitar jan ƙarfe ta silindar gida ba ta daɗewa a cikinsa: yana cin fatarta har ta yi ƙananan ramuka, ruwa ya shiga wurin garin da ke raba wayar ciki da fata, sai RCD ta fara faɗuwa. Abin da ya ci kuma yana cikin ruwanka, yana iya ɗaga lambar mita. Nemi wadda aka rubuta wa Incoloy, wani haɗin ƙarfe mai jure tsatsa, ko titaniyom idan aljihu ya ɗauka. Titaniyom ta fi jurewa.

Zaren hitar Birtaniya inci 2 da kwata ne, a ma'aunin zaren bututu na BSP. Tsayi akwai inci 11, 14, 27 da 36. Don shiga ta gefe ɗauki 11 ko 14. Doguwa idan ta kwanta, duk birkin da ka taka ruwa yana dukanta, nauyin yana komawa kan wurin da aka huda, nan yoyo yake farawa. Kuma ta zo da tamostat mai kariya biyu, wato wanda yake da ɗan maɓallin da ke faɗuwa idan zafi ya wuce kima, sai an danna da hannu ya dawo.

Sani, Leeds:
Wani ya ce min in sa mai inci 27 ta sama, ta rataya, ba zancen yoyo.

Injiniya Bala:
Yoyo kam babu, amma ka sayi wata matsalar. Ta sama sai tankin ya cika har wuya kowane dare. Ranar da injin tacewa ya yi jinkiri ruwa ya tsaya a rabi, saman hitar yana iska, wannan sashen zai yi ja ya ƙone, kuma yana dab da rufin roba. Sannan ruwan zafi sama yake hawa, duk abin da ke ƙasa da bakin hita sanyi zai kwana. Ta gefe, can ƙasa, ta fi.

Malam Habu, Birmingham:
Ga yadda ake hudawar. Tankin roba ba shi da zaren da za a ɗaura hita, don haka kana bukatar filanji, wanda ake matse bango tsakanin ɓangarensa na ciki da na waje. Kafin ka taɓa injin huda ka tabbatar da abu huɗu. Wurin ya zama shimfiɗaɗɗe, ba lanƙwasa, ba rubutun da aka zuba a jikin roba. Hannunka ya iya kaiwa wurin ta murfin sama, domin akwai abin da za ka riƙe daga ciki. Ka leƙa da tocila ka auna inda shingen yake, ya zama bakin hita yana da tazarar aƙalla faɗin tafin hannu daga shinge da kowane bango. Sannan a waje kan hitar ya sami wurin da tsani ko abin naɗin tiyo ba zai buge shi ba.

Tsayi daga ƙasa, santimita 10 zuwa 15. Ƙasa da haka ta kusanci robar gindi, sama da haka ka bar ruwa mai yawa a sanyi.

Girman ramin kar ka ɗauka daga bakin kowa. Zaren hitar kansa ya kusa milimita 66, filanji kuma kowane kamfani da nasa. Sayi filanjin tukuna, ka auna, sannan ka sayi zarton rami. Ka huda a hankali, domin gudu yana narkar da roba bakin ramin ya yi kaushi. Ka goge bakin da wuƙa ko takardar yashi ya yi sumul. Ɓarɓashin da ya zuba ciki ka zuƙe shi duka, ka ɗauraye, in ba haka ba zai toshe ragar da ke gaban famfo, wanda ya wuce kuma ya maƙale a bawul ɗin famfon ya hana shi riƙe ƙarfi.

Woshar roba EPDM ta fi zama a kan bangon roba. A ɗaure da sifanar hita mai milimita 86, a riƙe filanjin kar ya juya tare. Kar a matse da dukan ƙarfi, woshar za ta fito ta gefe. Cika da ruwan sanyi ka bar shi ya kwana ba wuta, ka shimfiɗa takarda a ƙasa, da safe ka duba. Bayan ɗumamawa ta farko da ta biyu ka sake ɗan matsewa, domin roba idan ta ji zafi tana saki.

Usman, Glasgow:
A ƙara da cewa murfin hitar gida ba a yi shi don wurin da ruwa ke fantsama ba. Bayan motarmu kuwa kullum a jiƙe yake. A rufe kan da akwatin lantarki mai hana ruwa, wayar ta shigo daga ƙasa, ta ɗan yi lanƙwasa kafin ta hau, don ɗigo ya sauka a ƙasa kar ya bi ta ya shiga. Guntuwar wayar da ke shiga kan hitar ta zama mai jure zafi. At ɗin kuma a gwada shi da mita, ba da ido ba.

Injiniya Bala:
Sai kariya daga kunna ta babu ruwa. Mafi arha shi ne ka ja layi da maka a jikin tankin, santimita 10 sama da hita, ka sa wa kanka doka ba a jonawa sai ruwa ya wuce layin. Mafi inganci shi ne makunni mai tasowa da ruwa, a haɗa shi da kontakta, wato makunnin da ke ɗaukar wuta mai nauyi, ruwa na sauka wuta ta yanke. Kar ka dogara da tamostat a nan. Shi ruwa yake aunawa, idan babu ruwa kafin ya ji zafi ta iska hitar ta riga ta lalace.

Hajiya Rabi, London:
Sannunku da ƙoƙari. Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma a ganina ya fi yoyo muhimmanci. Ƙwayar Legionella, mai kawo ciwon huhu mai tsanani, tana yaɗuwa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, ta fi jin daɗi a kusa da zafin jikin mutum. Digiri 36 da ake magana tsakiyar wurin ne. Ruwanmu kuma matatar gawayi ta riga ta cire masa kulorin, babu abin da zai hana ta. Ba ta shan ruwa ake kamuwa ba, ta shaƙar feshinsa ne, mu kuwa fesa shi muke yi sama da kanmu duk yini, kusa da tagogin mutane, wasu tsofaffi, wasu masu ciwon ƙirji. Hukumar HSE mai kula da lafiya da tsaro a wurin aiki tana da ƙa'ida a kan wannan, L8, kuma dokar lafiya a wurin aiki ta 1974 ta ɗora wa mai aikin kansa alhakin mutanen da aikinsa zai iya shafa.

Ɗanladi, Manchester:
To Hajiya sai a kai shi 60 ya kashe ta mana.

Malam Habu, Birmingham:
Sittin yana kashe ta, gaskiya ne, amma tankin roba cike da rabin tan na ruwa a digiri 60 bangonsa yana laushi ya yi ciki, wurin filanjin kuma shi ne farkon da zai saki. Sai dai in kamfanin da ya yi tankin ya rubuta cewa yana ɗauka. Ga wuta kusan ninki biyu. Ga haɗarin tsagewar gilashi.

Hajiya Rabi, London:
Shi ya sa maganin ba a tamostat yake ba, a tsafta yake. Ƙwayar tana bukatar lokaci da datti. A ɗumama abin da za a ƙarar a ranar kawai. Kar a riƙa ƙara sabo a kan ragowar ɗumi mako bayan mako. Ƙarshen mako a juye tankin duka. Idan ka sa yatsa a bangon ciki ka ji santsi, wannan shi ne gidanta, a wanke da maganin kulorin, a tura shi ta cikin tiyo ma, a ɗauraye sosai har mita ta koma daidai. Kulorin ɗin kar ya bi ta matatar RO ko rezin, waɗanda ke cire wa ruwa ma'adinai, yana lalata su. Tiyon da ya yi kwanaki ba a yi aiki da shi ba a zubar da ruwan farko a ƙasa, ba tare da burushi ba. Bakin burushi mai fitar da ruwa siriri ya fi mai bazawa ƙarancin feshi. A rubuta ranar da aka yi kowane wanki.

Injiniya Bala:
Hajiya ta yi gaskiya. Kuma ga wanda burinsa kawai kar kaya su daskare, ba ya bukatar 36. Ya tsaya a 15 zuwa 18, ƙasa da inda ƙwayar ke motsi. Lita 500 a wannan zafin ta isa ta hana famfo da tiyo ƙanƙara a cikin rufaffiyar mota, wutar kuma kashi ɗaya cikin uku ce. Lambobin da ke kan tamostat ɗin hita ba su da daidaito sosai, a auna ruwan da ma'aunin zafi daban.

Sani, Leeds:
Ni ina son ɗumin ne don kashin tsuntsu da tiyo mai tauri. Maganar gilashi fa?

Usman, Glasgow:
Abin da ke tanki ba shi ke fita a burushi ba. Tiyo mita 100 a kwance a kan ƙasa mai sanyi yana shanye zafi da yawa, ka auna a bakin burushi ka gani. Gilashi yana tsagewa ne idan tsakiyarsa ta buɗe da zafi, gefen da ke cikin firam yana nan a sanyi. Waɗanda suka fi haɗari su ne mai fallen ɗaya na tsofaffin gidaje, mai waya a ciki, mai darma, da duk wanda yake da ɗan tsagu ko ɓantarewa a gefe. Ranar da ƙanƙara ta kwanta a gilashi, ruwan da ke bakin burushi kar ya wuce ɗumin da hannu zai ce da ƙyar ya fi sanyi. Kar a tsayar da ruwan wuri ɗaya.

Kuma ruwan ɗumi ba ya hana ƙasa daskarewa. Duk abin da ya zuba a matakala ko ƙofar shago zai zama santsi. A riƙe gishirin hanya a mota, a watsa kafin a tafi.

Malam Habu, Birmingham:
Idan kwalbar rezin ɗinka tana bayan tanki ne, wato ruwa yana bi ta cikinta kafin tiyo, mayar da ita gaba. Zafi yana rage wa rezin kwana. A gama tacewa, sannan a ɗumama. Mita kuma idan ba ta gyara wa kanta lissafin zafi, za ta nuna lamba sama da gaskiya a ruwan ɗumi, kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri. Ɗebi a kofi ka bari ya huce kafin ka zargi rezin. Tiyo da ya yi laushi yana zamewa daga mahaɗa, a sake matse duk maƙalai.

Bututun fita yana gindin tanki, ƙasa da hita, don haka da safe ruwan farko sanyi ne. Tuƙi yana gauraya shi. In kana so, mayar da bakin tiyo cikin murfi ka kunna famfo minti biyar, ya gauraya ruwan ya kuma ɗumama tiyon.

Ɗanladi, Manchester:
Wanda motarsa ke kwana a titi fa? Akwai masu bolt 12 da ake tallatawa.

Injiniya Bala:
Lissafi ya kashe su. Batir mai am-awa 110 yana riƙe kusan yunit 1.3, rabi kawai za ka ci ba ka lalata shi ba. Lita 500 tana cin yunit 0.58 a kowane digiri. Ka ƙarar da batirinka a kan digiri ɗaya. Jan waya ta kan hanyar masu tafiya a ƙasa kuma, wani ya yi tuntuɓe kai ne da alhaki. Hanya biyu ce: ko ka sa hitar a tankin ajiya na lita 1000 a gareji ko bayan gida, ka lulluɓe shi, da safe ka tura ruwan mota da famfo, ko ka tara kuɗin hitar dizal irin ta Webasto ko Eberspächer wadda ke ɗumama ruwa yana wucewa.

Hajiya Rabi, London:
Malam Sani kar ka manta da lulluɓi. Allon riƙe zafi na Celotex ko Kingspan mai milimita 25 zuwa 50 a gefuna da sama, a bar ramin numfashin murfi a buɗe, kar a rufe kan hitar. Ba wuta kaɗai yake ragewa ba, yana rage raɓar da ke taruwa a rufin mota ta ɗiga ta kawo tsatsa. Bel ko firam ɗin da ke riƙe tankin ya zauna a jikin tankin ne, ba a kan allon ba. Sannan ka sanar da kamfanin inshorarka a rubuce cewa ka sa hita mai jona wutar gida.

Usman, Glasgow:
Ka rataya wani abu a sitiyari duk lokacin da ka jona, kar ka tayar da mota da waya a jiki. Wajen cirewa a fara kashewa daga bango.

Sani, Leeds:
Allah Ya saka da alheri gaba ɗaya. Zan ɗauki mai kilowat 2, titaniyom, inci 14, ta gefe, in fara da digiri 30 in auna a bakin burushi. Malam Habu, idan filanjin ya iso zan turo hoton gefen tankin da inda shingen yake ka duba min kafin in huda.

Malam Habu, Birmingham:
Turo, ka ɗora tef ɗin awo a jikin tankin yadda lambobin za su fito, ka kuma ɗauki ɗaya ta cikin murfi da tocila a kunne.